Sashen Ƙididdiga ko Tsangayar Ilimi: Ta Wace Ƙofa Mai Son Binciken Ilimi da Alƙaluma Zai Shiga?

Duk shekara idan aka fara sayar da fom na karatun gaba da digirin farko a Jami'ar Ahmadu Bello, akan samu wasu matasa ƙalilan a Samaru da ke rasa ƙofar da za su nufa. Wasunsu ƙididdiga ko lissafi suka karanta, hidimar ƙasa ta kai su wata makarantar sakandare, suka dawo da son gano dalilin da ya sa yaran aji ɗaya ke cin jarrabawa, na ajin da ke maƙwabtaka da su kuma suna faɗuwa. Wasu kuwa malaman lissafi ne masu digirin koyarwa, waɗanda suka shekara biyar ko shida riƙe da alli, suka lura cewa ana yanke manyan hukunce-hukunce a kan makarantunsu da alƙaluman da babu wanda ya bincika ingancinsu. Burinsu ɗaya ne, wato su zama malaman jami'a masu binciken harkar ilimi da ƙididdiga. Abin da ke raba musu hankali shi ne ko su yi digiri na biyu da na uku a Sashen Ƙididdiga, ko kuwa su shiga Tsangayar Ilimi su ƙware a fannin awo da tantancewa.

Kafin a kwatanta hanyoyin biyu, ya kamata a san irin aikin da ake magana a kai, kuma rayuwar Farfesa Harvey Goldstein na Ingila ta isa misali. Lissafi da ƙididdiga ya karanta, ya fara aiki a kan lafiyar yara da girmansu, ciki har da binciken da ya bi rayuwar yara kimanin 17,000 da aka haifa a mako guda na watan Maris 1958. A 1977 ya zama farfesa a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan, ya zauna a can har 2005, sannan ya koma Jami'ar Bristol a matsayin farfesan ƙididdigar zamantakewa, ya rasu a 2020. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne tsarin nazari mai hawa-hawa, wanda ke la'akari da cewa ɗalibi yana cikin aji, aji yana cikin makaranta, makaranta kuma tana cikin gunduma. Da gwamnatin Ingila ta fara buga jadawalin da ke jera makarantu bisa sakamakon jarrabawa a 1992, yana cikin waɗanda suka nuna cewa tazarar kuskuren da ke tattare da makin kowace makaranta tana da faɗin da ba za a iya bambance mafi yawan makarantun da juna ba. Mutum ne da aka horar a ƙididdiga, amma ya yi shekara 28 yana zaune cikin masana ilimi. A jami'o'inmu irin wannan ƙaura daga sashe zuwa sashe ba ta da sauƙi, shi ya sa zaɓin ƙofar farko yake da nauyi a nan fiye da can.

Babbar ribar Sashen Ƙididdiga ita ce zurfin kayan aiki. Ɗalibin digiri na biyu a can zai sha ilimin yiwuwa, da ka'idojin ƙiyasi, da dabarun zaɓen samfuri, da aljabarar da ake gina tsare-tsaren nazari a kanta, har ya kai matsayin da zai san dalilin da ya sa wata hanya take aiki da kuma inda take karyewa. Amfanin wannan a binciken ilimi a fili yake. A ƙaddara mai bincike ya shiga azuzuwa 10 a makarantun Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni, ya gwada yara 40 a kowane aji, ya tashi da yara 400. Idan kashi 20 cikin ɗari na bambancin makinsu daga ajin da suke ya samo asali, domin malaminsu ɗaya, allonsu ɗaya, unguwarsu ɗaya, to lissafi ya nuna cewa ƙarfin hujjar da ke hannunsa bai wuce na yara kimanin 45 da aka zaɓo ɗai-ɗai daga wurare daban-daban ba. Wanda bai san wannan ba zai rubuta cewa ya gano bambanci mai ma'ana, alhali abin da ya gano inuwa ce kawai. Haka ta taɓa faruwa a Ingila: a 1976 masanin ilimi Neville Bennett ya fitar da binciken da ya nuna cewa yaran da ake koyarwa da tsohon salo mai tsauri sun fi saurin ci gaba, jaridu suka yi ta yayatawa, amma da masanin ƙididdiga Murray Aitkin da abokan aikinsa suka sake nazarin bayanan a 1981 tare da la'akari da cewa yaran rukuni-rukuni suke a ƙarƙashin malamai, sai ƙarfin wancan bambanci ya zube. Wanda ya fito daga Sashen Ƙididdiga da horo mai kyau yana iya hango irin wannan rami tun kafin ya faɗa.

Sai dai sashen yana da nasa giɓin, kuma ba ƙarami ba ne. Kundayen bincike da yawa a sassan ƙididdiga na ƙasar nan ko dai sabon tsarin lissafi suke ƙirƙirowa su gwada shi a kan bayanan da kwamfuta ta haifar, ko kuma su ɗauko alƙaluman hauhawar farashi da canjin kuɗi daga Babban Banki. Ɗalibi yana iya gama digirin digirgir bai taɓa shiga ofishin hedimasta ya nemi rajistar aji ba, balle ya ga yadda sunaye 90 ke rubuce a rajista, yara 50 ke zaune a ƙasa. Ba a koya masa cewa tambayar lissafin da aka rubuta da Turanci ga yaron aji uku a Giwa ko Soba tana iya zama gwajin Turanci a ɓoye. A wajensa maki lamba ce da ta iso a shirye, kuma duk gwanintar da za a nuna a kan lambar da tun asali ba ta auna abin da ake zato ba, wahala ce kawai.

A nan ne Tsangayar Ilimi take da rinjaye. Fannin awo da tantancewa ya ginu ne a kan tambayar da masanin ƙididdiga yakan tsallake, wato daga ina makin ya fito, kuma me yake nufi. A can ake koyon yadda ake tsara tambayoyin jarrabawa bisa manhaja, da yadda ake gane tambayar da ta cika sauƙi ko wadda take nuna son kai ga wani rukuni na yara, da yadda ake tabbatar da cewa jarrabawa za ta ba da sakamako mai kama da juna idan aka maimaita ta. A can ne kuma ake haɗuwa da ka'idar nazarin amsar kowace tambaya, wadda aikin Georg Rasch na ƙasar Danmak a 1960 da na Frederic Lord a Amurka suka kafa. Wannan ilimi yana da kasuwa a gida. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, ɗalibai suna zama a ranaku da lokuta daban-daban, suna amsa tambayoyin da ba iri ɗaya ba, don haka dole a samu masu iya tabbatar da cewa maki 200 na safiyar Asabar daidai yake da maki 200 na yammacin Talata. WAEC da NECO ma da irin waɗannan mutane suke aiki.

Mutanen Jihar Kaduna ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan muhimmancin wannan fanni, domin sun ga abin da ya faru a 2017, lokacin da gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin matakin aji huɗu, ta sanar da cewa 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari da aka gindaya ba. An yi ta muhawara a rediyo da majalisun hira, ƙungiyar malamai ta ƙalubalanci makin da aka sa da kuma hurumin yin gwajin, gwamnati ta tsaya a kan bakanta. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, tambayoyin da ke ƙarƙashin rigimar na masanin awo ne: ta yaya aka tsayar da 75 a matsayin iyaka, malamai nawa ne suka faɗi da tazarar maki ɗaya ko biyu, nawa daga cikinsu za su haye da an sake gwajin da wasu tambayoyin masu nauyi ɗaya, kuma shin iya amsa tambayar aji huɗu shi kaɗai ne ma'aunin iya koyar da aji huɗu? Masanin ƙididdiga zai iya lissafa tazarar kuskuren, amma wanda ya karanta awo ne aka horar ya fara yin tambayar.

Akwai kuma ribar samun shiga makarantu. Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1965, ta daɗe tana hulɗa da kwalejojin horar da malamai na Arewa, malaman tsangayar kuma suna zagaya makarantu duba ɗalibai masu gwajin koyarwa. Da wuya ka shiga ofishin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko sakatariyar ilimi ta ƙaramar hukuma ba ka tarar da tsohon ɗalibinsu ba. Mai bincike daga Sashen Ƙididdiga sai ya yi ta yawo da takardar gabatarwa, na Tsangayar Ilimi kuwa sau da yawa kiran waya ɗaya ya ishe shi.

Raunin wannan ƙofa ma sananne ne ga duk wanda ya zauna ya karanta kundayenta. Akwai wani tafarki da aka bi har ya zama gwadabe: a buɗe jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 a ɗauko lamba 384 a matsayin yawan waɗanda za a tambaya, a raba takardar tambayoyi mai zaɓi huɗu, a ce duk abin da matsakaicinsa ya haura 2.5 an amince da shi, sannan a kai takardun shagon kwamfuta a bakin Babbar Ƙofar jami'a wani ya zuba su a SPSS, wato manhajar kwamfuta ta nazarin alƙaluma, ya miƙo sakamako. Jadawalin nan ba shi da laifi a inda ya dace, amma an gina shi ne a kan zaton cewa ɗai-ɗai aka zaɓo mutane, yara kuwa aji-aji ake samun su, kamar yadda aka nuna a sama. Na sha ganin ɗalibi ya tsaya kare kundinsa yana karanta lambobin da bai san yadda aka same su ba. Ba kowa ne haka ba, akwai malamai da ɗalibai masu aiki mai zurfi, amma wanda ya shiga da ƙarfin lissafi ya sani cewa tsarin ba zai matsa masa ya yi amfani da shi ba, kuma wuƙar da ba a wasawa tana dakushewa.

Batun yaran da ba sa zuwa makaranta ya nuna yadda kowane ɓangare yake buƙatar ɗayan. Shekaru da dama UNICEF tana ambaton yara miliyan 10.5, sai ga UNESCO a 2022 ta ce kimanin miliyan 20. Babban dalilin tazarar shi ne shekarun da aka ƙirga ba ɗaya ba ne, na farko yara 'yan shekara 5 zuwa 14, na biyu kuma har zuwa 'yan shekara 18, ga shi kuma rabon ƙasar da ƙidayar jama'a tun 2006, don haka duk wani adadi ƙiyasi ne a kan ƙiyasi. Warware wannan aikin masanin ƙididdiga ne. Amma ko almajirin da ke tsangayar allo a Zariya, ko yarinyar da ke Islamiyya safe da yamma, za a sa su cikin waɗanda ba sa karatu, wannan hukunci ne da sai wanda ya san tsarin ilimin yankin zai iya yanke shi da hujja.

Idan aka koma kan aikin jami'a kansa, matakan iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu: daga mataimakin lakcara zuwa lakcara mai daraja ta biyu da ta ɗaya, zuwa babban lakcara, zuwa mataimakin farfesa, sannan farfesa, galibi da tazarar aƙalla shekara uku tsakanin mataki da mataki. Albashi ɗaya ne, tallafin karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ɗaya ne, yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ma bai bambance tsangaya ba. Inda bambancin yake shi ne wurin ɗaukar aiki da wurin ƙarin girma. Sassan jami'o'inmu sun fi son wanda digirorinsa uku suka tafi a layi ɗaya. Mai digirin farko a ƙididdiga da digirin digirgir a ilimi yana iya tarar da cewa Sashen Ƙididdiga na ganin ya bar gida, Tsangayar Ilimi kuma na ganinsa baƙo, musamman idan ba shi da difilomar koyarwa ta PGDE da rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista. Wannan shi ne haɗarin da masu ba da shawarar a haɗa biyun suke yawan mantawa da shi.

A matakin mataimakin farfesa da farfesa ana tura maƙalun mutum ga masu tantancewa daga wasu jami'o'i, kuma daga fanninsa ake zaɓo su. Malamin Sashen Ƙididdiga da ya cika takardunsa da binciken makarantu yana iya haɗuwa da mai tantancewar da zai ce bai ga sabon abu a ka'idar ƙididdiga ba. Maganin wannan shi ne ya raba ƙafa tun da wuri, wasu maƙalun su zama na gyara ko faɗaɗa hanyar nazari, wasu na amfani da ita, kuma bayanan ilimi cike suke da matsalolin da suka isa a gina maƙalar ka'ida a kansu, irin su ɗaliban da ke ɓacewa tsakanin zango da zango da makarantun da ba su dawo da fom ɗin ƙidaya ba. Malamin Tsangayar Ilimi ba shi da wannan damuwa, domin duk abin da ya rubuta a kan jarrabawa da makarantu cikin gonarsa yake, kuma mai ƙarfin lissafi a cikinsu yakan yi fice da wuri. Kuɗin da yake biya lokacinsa ne. Tsangayar tana da ɗalibai masu yawa, ga shirin karatun dogon hutu, ga duba gwajin koyarwa, sannan da zarar an san shi da iya nazarin alƙaluma, babi na huɗu, wato babin nazarin bayanai, na rabin kundayen tsangayar zai riƙa biyowa ta teburinsa. Na ƙididdiga ma yana koyar da manyan azuzuwan ɗaliban wasu sassa, amma kundayen da yake dubawa ba su kai haka yawa ba.

Ta fuskar guraben aiki, ƙofar ilimi ta fi faɗi a cikin harkar koyarwa, domin kusan kowace jami'a da kwalejin ilimi tana koyar da darasin awo da hanyoyin bincike, kuma a Zariya kaɗai akwai tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka ɗaga zuwa jami'a, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Ƙofar ƙididdiga kuwa ta fi yawan mafita idan aikin jami'a bai samu ba ko ya gundure mutum: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, bankuna, binciken lafiya, kwalejojin kimiyya da fasaha irin su Nuhu Bamalli, da ƙungiyoyin da ke bibiyar ayyukan raya ƙasa.

Ra'ayina bayan auna waɗannan duka ya rataya ne a kan tambaya ɗaya, wato wanne daga cikin ilimin biyu ya fi wuyar samu daga baya. Lissafi mai zurfi yana son ƙuruciya da natsuwa da malami a kusa, kuma da wuya mutum ya koye shi da kansa bayan aure da 'ya'ya da azuzuwa sun kewaye shi. Sanin makaranta da ka'idar awo ana iya samun su a hankali, muddin mutum zai sauke girman kai ya zauna a bayan aji yana kallo. Saboda haka wanda digirinsa na farko ƙididdiga ne ko lissafi, kuma bai sha wuya a darussan ka'ida ba, na fi ganin ya zauna a Sashen Ƙididdiga har digirin digirgir, ya yi PGDE a tsakani, ya zaɓi matsalar ilimi a matsayin batun kundinsa, ya kuma nemi a sa masa malami daga Tsangayar Ilimi cikin masu duba aikin. Wanda kuwa digirin koyarwa yake da shi, ko da na lissafi ne, sau da yawa sharuɗɗan shiga digiri na biyu a ƙididdiga za su tilasta masa ya fara da difiloma, shekara ta tafi, kuma zai shiga aji yana bin wasu a baya. Gara ya shiga awo da tantancewa inda shekarunsa na aji jari ne, ya ɗaura wa kansa koyon manhajar kwamfuta ta nazarin alƙaluma mai suna R, wadda kyauta ce, da tsarin nazari mai hawa-hawa, ya riƙa neman izinin zama a darussan Sashen Ƙididdiga ko da ba za a ba shi maki ba. Mutum ɗaya ne zan cire daga shawarar farko, shi ne mai digirin ƙididdigar da zuciyarsa take kan aiki da hukumomin jarrabawa fiye da kujerar farfesa, domin shi takardar awo da tantancewa za ta fi yi masa amfani.

Duk wannan shawara tana iya rushewa a kan abu ɗaya, shi ne malamin da zai duba kundin, domin sashe mai kyau da babu mai sha'awar batunka a ciki zai mayar da kai kan batun da malaman suka saba. Kafin a biya kuɗin fom, ya dace mai nema ya shiga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ko rumbun kundayen jami'ar da ke intanet, ya karanta babi na uku da na huɗu, wato na hanyar bincike da na nazarin bayanai, na kundaye biyar na baya-bayan nan daga kowane ɓangare, ya lura da sunayen malaman da suka duba waɗanda suka burge shi. Daga nan ya sauko da bayanan binciken MICS na 2021 a kan halin da yara da mata ke ciki, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF kuma ake bai wa masu bincike kyauta bayan rajista, ya ciro na Jihar Kaduna, ya gwada amsa ƙaramar tambaya ɗaya a kan karatun yara da ilimin iyayensu mata. Shafi biyu na wannan gwaji zai riƙe ya je ofishin malamin, ya gaishe shi, ya ce: "Malam, ga abin da nake son in yi aiki a kai, ko akwai wurinsa a sashen nan?"